Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Daga Argungu Zuwa Kano A Yini Guda

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa ɗan Adam abin hawa, ya sanya dare domin hutawa, rana domin nema. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne a kan shirin tafiya mai nisa wadda a ke so a gama ta cikin yini guda, daga garin Argungu na ƙasar Kabi zuwa birnin Kano, domin amfanin mai tuƙi, da waɗanda ya ɗauka, da iyalin da aka bari gida suna sauraron labari. Masu bin wannan hanya iri iri ne. Akwai mai kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai ɗan kasuwa mai zuwa sari Kantin Kwari, akwai uba mai kai ɗansa Jami'ar Bayero, akwai mai zuwa ta'aziyya ko ɗaurin aure. Dukansu magana ɗaya su ke yi da safe, watau in Allah ya yarda yau a Kano za a kwana. Amma mafi yawansu daga lokacin tashi su ke fara lissafi, alhali kuwa lissafin da ya inganta daga faɗuwar rana a Kano a ke fara shi, sa'an nan a komo baya sa'a sa'a, har a iso ga lokacin da ya kamata a bar ƙofar gida.

Fasali na farko: Hanyar da tsawonta

Hanyar ta kasu kashi huɗu. Daga Argungu zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Daga Sakkwato zuwa Gusau kimanin 210, a bi ta Tureta, da Talata Mafara, da Maru, da Bunguɗu. Daga Gusau zuwa Funtuwa kimanin 110, a wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, a bi ta Tsafe, da 'Yankara, da Sheme. Daga Funtuwa zuwa Kano kimanin 170, a bi ta Bakori, da Malumfashi, da Dayi, da Gwarzo, da Rimin Gado, a shiga birni ta Kabuga. Jimla dai ta doshi kilomita 600, watau wajen mil 370 ga wanda ya saba da lissafin da. Jihohi biyar matafiyi zai taka kafin ya sauka: Kabi, da Sakkwato, da Zamfara, da Katsina, da Kano. Daga Funtuwa akwai wata hanya ta biyu wadda ta bi ta Giwa da Zariya, sa'an nan ta miƙe arewa zuwa Kano bisa tagwayen hanya, amma ta ɗara ta Gwarzo nisa da kimanin kilomita 60.

Wannan tafiya a zamanin da ta makonni ce. A shekarar 1824 Baturen Birtaniya Kilafaton, wanda mutanen ƙasar suka sani da suna Abdullahi, ya tashi daga Kano zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, sai da ya yi kimanin mako uku a hanya. Ayari a wancan lokaci ya kan ratsa dajin Gundumi ba tsayawa, don tsoron mahara da ƙarancin ruwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Daga baya kwalta ta zo, mota ta yawaita, tafiyar mako uku ta koma ta yini ɗaya. Sauƙin da aka samu shi ne ya sa mutane suka raina shiri. Fatake sun kan kwana bakwai suna ɗaurin kaya da neman labari, mai mota kuwa yana ganin ya isa ya tashi daga barci ya murza makulli.

Fasali na biyu: Lissafin rana

Mota ƙarama tana iya gudun kilomita 100 a sa'a, amma ba da wannan a ke lissafi ba. A hanya akwai ramuka, da wuraren da a ke gyara, da tudun rage gudu a kowane gari, da shingayen soja da na 'yan sanda, da manyan motoci waɗanda ba a wuce su sai an yi haƙuri. Kadan aka haɗa wannan duka, mai hankali ba ya ɗora wa kansa fiye da kilomita 60 a kowace sa'a. Kilomita 600 ke nan sa'a 10 cur ana bisa taya. A ƙara sa'a ɗaya da rabi na salla, da cin abinci, da shan mai, da kewayawa, ya zama sa'a 11 da rabi.

To, yini nawa ne Allah ya ba matafiyi? Da tsakiyar hunturu, wajen watan Disamba, rana ba ta fitowa a Argungu sai kusan ƙarfe 7, a Kano kuwa ta kan faɗi da ƙarfe 6 da 'yan mintoci. Sa'a 11 ke nan da kaɗan. Da damina, wajen watan Yuni, ta kan fito a Argungu da 6 da minti 20, ta faɗi a Kano gab da ƙarfe 7, watau sa'a 12 da rabi. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Kano tana gabas da Argungu da daraja 4 a ma'aunin ƙasa, kowace daraja kuwa minti 4 ce a tafiyar rana. Saboda haka rana tana riga faɗuwa a Kano da kimanin minti 16, ko da shi ke agogon garuruwan biyu ɗaya ne. Mai tafiya gabas yininsa gajere ne, mai komowa yamma shi ke da ribar kwatan sa'a. Wanda ya saba jin kiran Magariba a gidansa da wani lokaci, kada ya zaci zai same shi haka a Kano.

Kadan aka jera wannan lissafi a kan hanya, ga yadda zai kasance da hunturu. A yi sallar Asuba a farkon lokacinta, a tashi ƙarfe 6 da kwata, a yi rabin sa'ar farko da fitila bisa hanyar da aka sani. A shiga Sakkwato wajen ƙarfe 8, a cika tanki, a fita 8 da kwata. A isa Gusau 12 saura kwata, a ci abinci, a huta, a tashi 12 da rabi. A isa Funtuwa 2 da rabi, a yi Azahar, a tashi kafin ƙarfe 3. A tsaya La'asar a wani gari na hanya, a shiga Kabuga 6 saura kwata. Mai karatu ya duba ya gani, babu rarar ko da rabin sa'a a ciki. Taya ɗaya ta fashe, ko tirela ta faɗi ta tare hanya, ko a tsaya sallama da maƙwabta har hantsi, lissafin ya rushe. Wanda ya bar Argungu da ƙarfe 9 yana cewa zai kwana Kano, ya riga ya zaɓi tafiyar dare tun bai fita gari ba, ko ya sani ko bai sani ba.

Ranar tafiya ma abin zaɓe ce. Talata Mafara sunanta ya faɗi ranar kasuwarta, haka kuma kowane gari na hanya yana da ranar da masu talla da dabbobi da amalanke su ke cika bakin titi. Ranar Juma'a a kan tare hanya a garuruwa da yawa lokacin salla. Ya zo a sunna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ranar Alhamis, ya kuma roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Mai alkawarin ganin likita da safe kuwa, wajibi ne ya tashi tun ana gobe, har in da hali ya bar kwana ɗaya a tsakani.

Fasali na uku: Mota da guzuri

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mota a kan kai ta wurin bakanike kwana biyu ko uku kafin tashi, domin a sami damar zagayawa da ita cikin gari bayan gyara a ji ko da sauran matsala. Motar da ta fito gareji da dare aka ɗora ta hanya da asuba, a daji za a gwada aikin bakaniken. Abin da za a duba shi ne birki da mansa, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da fambel, da batir, da fitilu na gaba da na baya, da waifa in damina ce.

Taya ita ce mafi haɗari, domin zafin kwalta da nauyin lodi da gudu su ne ke fasa tsohuwar taya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin lokacin da aka yi ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Taya tana iya zama da zanenta rangaɗau alhali robar ta tsufa ta bushe, musamman irin waɗanda a ke shigowa da su na hannu. A auna iska da safe tun taya tana da sanyi, a auna har da safaya, a tabbata akwai jak da sifanar kwance taya, a kuma tabbata sun yi daidai da motar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana bukatar kowace mota ta riƙe abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku da a ke ajiyewa bayan motar da ta lalace. Lambar kiranta ta gaggawa 122 ce. Lasin tuƙi, da takardun mota, da inshora, a haɗa su wuri guda tun dare, kowane baligi kuma ya riƙe katin shaidarsa, domin takarda ɗaya da ta ɓace tana iya cin sa'a guda a shinge.

Mai kuwa, mota ƙarama mai lafiya ta kan ci lita ɗaya a kilomita 10 zuwa 12, saboda haka zuwa kaɗai zai ci lita 50 zuwa 60. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗinsa ya ninka, sai a tambayi farashin ranar a lissafa na zuwa da na komowa, a ƙara na faci da na masauki ko da ba a yi niyyar kwana ba. A cika tanki tun jajibiri, a ƙara a Sakkwato da Gusau da Funtuwa, kada a bari ya sauka ƙasa da rabi. Ɗaukar fetur a jarka cikin mota ba dabara ba ce. Ga haɗarin gobara, ga shi kuma jami'an tsaro suna iya zargin mai ita da kai wa 'yan daji mai. Kuɗi a raba shi biyu, wani a hannu wani a banki, domin wanda ya ga ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya san kati kaɗai ba ya isa, wanda kuma ya san hanya ya san tsabar kuɗi mai yawa ba abin yawo da shi ba ne.

Guzuri shi ne ruwa mai yawa, na sha da na alwala da na lagireto, da buta, da tabarma ko darduma, da abinci mara nauyi kamar dabino da gurasa da ƙuli-ƙuli. Majinyaci a sa maganinsa da katin asibitinsa a jakar hannu, kada a danne su ƙarƙashin kaya a but. Kadan akwai mata da yara da tsofaffi, a ƙara rabin sa'a a lissafi, domin ba su jure abin da ƙato ya ke jurewa, kuma kunya ta kan hana mace ta ce a tsaya. Haƙƙin mai tuƙi ne ya tsaya a wuri mai sutura ba sai an roƙe shi ba.

Akwai kuma shirin da ba na mota ba. Matafiyi ya bar wa iyalinsa abin cefane, ya nemi albarkar iyayensa, ya rubuta bashin da a ke binsa da wanda ya ke bi, ya faɗa wa wani amintacce hanyar da zai bi, da lambar motarsa, da gidan da zai sauka. Wannan ba camfi ba ne, kuma ba ya jawo ajali. Magabata haka su ke yi ko da tafiyar kwana biyu ce.

Fasali na huɗu: Labarin hanya

Ayarin fatake ba ya tashi sai da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba ya san inda ruwa ya ke da inda mahara su ke. Bukatar nan ba ta gushe ba. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa suna addabar ƙasar Zamfara, da gabashin Sakkwato, da yammacin Katsina, hanyar nan kuwa ta tsakiyarsu ta ratsa. An sha tare matafiya tsakanin Gusau da Funtuwa, musamman wajen Tsafe, haka kuma tsakanin Tureta da Gusau. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da su. A 2024 gwamnatin jihar ta sa dokar hana wucewa ta iyakokinta na 'Yankara da Bimasa daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Irin waɗannan dokoki a kan sa su a kan ɗage, halin hanya kuma yana sauyawa daga mako zuwa mako, don haka labarin bara ba ya amfanin matafiyin bana.

Jagaban wannan zamani su ne direbobin haya. Matambayi ba ya ɓata. Ana gobe tafiya, mai mota ya je tasha da yamma ya sami waɗanda suka iso daga Gusau ko Kano a ranar, ya tambaye su ina aka lalace, ina a ke gyara, ina ba a tsayawa, ƙarfe nawa a ke buɗe shinge. Ya sake tambaya a tashar Sakkwato, ya sake a Gusau. A wuraren da a ke tsoro kada ya zama shi kaɗai a hanya, ya jira motocin haya ya bi sahunsu. Direbobi suna da wata alama da suka dogara da ita: kadan hanya mai yawan motoci ta yi tsit, aka daɗe ba a ga mai zuwa daga gaba ba, sai a tsaya a gari mafi kusa har a ga mota ta fito a tambaye ta. Mai ƙyafta fitila daga gaba yana nuni da hannu, ba wasa ya ke yi ba. Ba a tsayawa fitsari ko salla ko sayen gawayi a dokar daji, sai cikin gari inda jama'a su ke. Taswirar wayar hannu kuma tana iya nuna wata gajeriyar hanya ta cikin ƙauyuka, ita nisa kaɗai ta sani, ba ta san wanda ke kwana a dajin ba. Lambobin mutum biyu ko uku a rubuta su a takarda a sa aljihu, saboda waya tana mutuwa, layi yana ɗaukewa.

Sunna ta koyar da cewa mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Hikimar wannan tana bayyana a lokacin da rana ta yi sanyi aka fara gardama, wani yana cewa a wuce, wani yana cewa a kwana. Tun a gida za a san wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma ya kamata ya zama mafi natsuwa a cikinsu, ko da ba shi ne mai motar ba.

Fasali na biyar: Sallar matafiyi

A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda almajirai su ke karantawa a Risala da Muhtasar, tafiyar da a ke yi wa ƙasaru ita ce ta baridi 4, watau mil 48, abin da ya kai kilomita 80 da 'yan kai, da sharaɗin tafiyar ta halal ce. Tsakanin Argungu da Sakkwato kaɗai ya wuce wannan. Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi. Azahar da La'asar da Lisha su ke komawa raka'a biyu biyu, Asuba da Magariba suna nan yadda su ke. Ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari da lambunan da ke haɗe da shi. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kano, da ya isa sai ya cika sallarsa, wanda kuwa zai yi kwana biyu ya juyo, yana nan a kan ƙasaru. Kadan hanya ta bi da mutum ta garinsu, ko garin da matarsa wadda ya tare da ita ta ke zaune, shigarsa garin ta yanke hukuncin tafiya. Matafiyin da ya bi limami mazauni sai ya cika huɗu tare da shi.

An yi rangwamen haɗa Azahar da La'asar ga mai tafiya ta tudu. Wanda rana ta karkata yana sauke a zango, ya kuma san ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwarta, yana iya haɗa su a lokacin Azahar kafin ya hau. Wanda ta karkata yana bisa abin hawa, yana da niyyar sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, yana iya jinkirta su ya haɗa inda ya sauka. Amma a wannan hanya masallatai suna bakin titi a kowane gari, raka'a biyu kuma ba ta cin minti 10, saboda haka mai motar kansa ya fi masa kyau ya yi Azahar a Funtuwa, ya yi La'asar a lokacinta wajen Dayi ko Gwarzo. Tsayuwar nan da alwala da ruwan sanyi suna kore gyangyaɗi, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Farilla ba a yin ta a zaune cikin mota sai da lalura, kamar tsoron abokin gaba. Alƙibla a wannan ƙasa gabas ce mai ɗan karkata arewa. Wanda ya rasa ruwa ya yi taimama.

Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma an karhanta wa mazauni ya fita tafiya bayan alfijir ranar Juma'a, an kuma haramta masa bayan rana ta karkata, sai in zai riske ta a gaba ko akwai lalura. Game da azumin Ramalana, wanda ya wayi gari a gidansa da azumi sa'an nan ya fita bayan alfijir, ba a ba shi sauƙin shan azumin wannan yini ba. Mai tuƙin sa'a 10 cikin zafin bazara ya san da wannan tun dare, ya shirya ko ya raba tafiyar biyu.

Fasali na shida: Amanar mai tuƙi

Wanda ya riƙe sitiyari an ba shi amanar rayuka, na cikin motarsa da na bakin hanya. Doka ta iyakance gudun ƙaramar mota a kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya yi sakaci ya kashe rai ba da gangan ba, Shari'a ba ta sallame shi da cewa tsautsayi ne ba. Akwai diyya, akwai kuma kaffara ta azumin wata biyu a jere. Tawakkali gaskiya ne, amma Manzon Allah ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Mai tuƙi ya kwanta da wuri daren tafiya, ya bar hira da ɗaurin kaya ga wasu. Da safe rana za ta kasance a fuskarsa, tun da shi ke gabas ya nufa, gilashi mai ƙura kuwa yana makantar da mutum in hasken hantsi ya doke shi, sai a goge shi a kowane zango. Da hunturu hazo yana rufe hanya, a kunna fitila ko da rana tsaka. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan cin abinci, daga Gusau zuwa Funtuwa, ga zafi ga ciki ya cika. Tuwo mai nauyi da fura da nono a bar su sai an sauka. Goro da shayi suna ɗan taimako, amma ba su biyan bashin barci. Ƙwayoyin da wasu ke sha don kada su gaji haramun ne, kuma suna sa mutum ya ga nesa kusa, ya ga kusa nesa. Kadan akwai mutum biyu masu lasin, su riƙa karɓar juna. Wanda ke zaune gaba shi ma yana da aiki: ya riƙa jan mai tuƙi da zance, ya amsa masa waya, ya lura da idonsa. Wuce babbar mota a kan kwana ko a hawan tudu shi ne ya cika maƙabartu da matafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Fasali na bakwai: Zango

Mafi girman shiri duka shi ne mutum ya yanke tun a gida inda zai kwana kadan lissafi ya ƙi. Da hunturu, wanda ƙarfe 3 ta yi masa bai bar Funtuwa ba, ya san da duhu zai shiga Kano, Funtuwa kuwa gari ne babba mai masaukai. Wanda ƙarfe 3 da rabi ta yi masa a Gusau, ya kwana Gusau, kada ya shiga tsakanin Tsafe da 'Yankara rana tana gangarawa. Da damina ana iya ƙara kamar minti 40 a kan wannan, sai dai hadari in ya taso yana cinye ribar. Amfanin yanke wannan tun da wuri shi ne, a lokacin da gajiya ta kama mutum yana ɗokin isa, hankalinsa ba ya ba shi shawara tagari. Zuciya za ta ce masa saura kaɗan, alhali kaɗan ɗin nan sa'a uku ce cikin duhu, ga manyan motoci masu fitila ɗaya, ga waɗanda suka lalace aka bar su bisa kwalta ba alama sai ganye. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai kuɗin jinya ba, balle kuɗin fansa. Ba abin kunya ba ne a ce wane ya kwana a hanya. Fatake ma da su ke da jaruntaka, zango zango su ke tafiya.

Isa Kabuga kuma ba isa masauki ba ne. Gab da Magariba titunan Kano sun kan cika da motoci da A Daidaita Sahu, baƙo mai gajiya kuwa nan ya ke ɓata ko ya goga wa wani. Mai zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya, sai ya ratsa gari kafin ya isa. Saboda haka a sanar da mai masauki tun daga Gwarzo, ya yi kwatance sosai ko ya aiko yaro ya tarye su. A kiyaye fitilun kan hanya da wuraren da aka hana tsayawa, domin jami'an KAROTA ba su karɓar uzurin baƙunta. Da an sauka kuma, kafin a sha ruwa, a buga waya gida, domin akwai tsohuwa a Argungu wadda tun hantsi ba ta ajiye carbi ba.

Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa da na sama, ya kai su lafiya, ya komo da su ga iyalansu lafiya. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke tsare a daji, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya. Amin.